Noman Magani A Cikin Tanki

Manoma, kowa ya san in aka sari karan rogo aka binne, zai yi saiwa, ya yi ganye, ya zama rogo sosai. To, jikin kowace shuka an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A 1902 wani masani, Haberlandt, ya ce ƙwaya guda tana iya rayuwa ita kaɗai in ta sami abinci. Nasa gwajin bai ci ba, sai na bayansa suka ci nasara.

Ga yadda ake yi. A yanki ɗan guntun ganye ko saiwa, a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗora a kan wani abinci mai kauri cikin kwalba, wanda aka haɗa da sukari da gishirin taki da sinadarin da ke sa shuka girma. Bayan 'yan makonni sai wani tsiro ya kumburo, irin wanda kukan gani a bakin sara a jikin itace. Sa'an nan a farfasa tsiron cikin ruwan abinci, a yi ta girgizawa, ƙwayoyin su yi ta rabuwa suna yawaita. A zaɓi waɗanda suka fi ba da magani, kamar yadda muke ware zangarniyar iri, a zuba su a tanki. Babban abokin gaba funfuna ne, gama shi ma yana son sukari, ya kuwa fi su saurin yaɗuwa. In ya shiga, tankin duka ya tashi a banza.

Kamfanin Mitsui na Japan ne ya fara ciniki da wannan hanya a 1983, da wani jan sinadari, shikonin, na rini da maganin miki. Saiwarsa takan yi shekaru a ƙasa kafin a haƙa, amma a tanki kamar mako uku ya isa.

Wanda ya fi muhimmanci shi ne Taxol, maganin ciwon daji, wanda Amurka ta yarda da shi a 1992. Da fari daga ɓawon wani itace na yammacin ƙasar ake samunsa, itace mai jinkirin girma ƙwarai, in an saɓule ɓawon kuwa ya mutu. Duk wanda ya ga maɗacin da masu magani suka kewaye da sassaƙa ya gane matsalar. Kamfanin Phyton ya kafa masana'anta kusa da Hambog a Jamus, da tanki mai cin lita 75,000, watau ganga 375 ke nan, ba a sare ko reshe.

Amma kada a ɗauka gona ta tashi daga aiki. Tanki tsada gare shi, ba kuwa kowace shuka ke yarda ba. Akwai wani fure na Madagaska da ake samun binkiristin daga ganyensa, maganin ciwon dajin jini na yara. Ƙwayoyinsa sukan yawaita a tanki, amma ba su ba da maganin da ya taka kara ya karya, saboda haka har yanzu sai an noma shi an tsinki ganyen.