Idan Tsohon Mawaƙi Ya Fito Shi Kaɗai

A Gwiwa, kamar a Roni da Kazaure da sauran garuruwan wannan yanki, sabuwar waƙa ta daina jiran rediyo kafin ta shigo gari. Ta shagon mai cajin waya take biyowa, inda ake tura ta cikin memori a kan kuɗi kaɗan, kafin la'asar kuma ta kai teburin mai shayi da tashar 'yan acaɓa. Idan waƙar ta sabon yaro ce, a saurara a wuce. Amma idan ta tsohon hannu ce, wanda aka tashi da muryarsa a kunne, to majalisa ta samu abin yi. Wasu su ce muryar ta tafi, gara ya huta da mutuncinsa. Wasu su ce ko a haka yaran yanzu ba su kama ƙafarsa ba. Ni ina ganin ɓangarorin biyu sun tsaya a kan abu ɗaya, wato murya, alhali ba a nan matsalar take ba. Mafi yawan lokaci abin da kunne ya nema ya rasa a sabon aikin tsohon mawaƙi shi ne mutanen da suka saba tsayawa a bayansa: makaɗa, da 'yan amshi, da abokan aikin da suka san inda numfashinsa yake yankewa. Su ne suka tafi, shi kuma ake ɗora wa laifin.

Wannan gardama ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin ta ba, kuma duba yadda take a wani wuri zai taimaka. A Ingila akwai wani salon kiɗa da ake kira hebi-metal, na jitar lantarki mai ƙara da ganguna masu rugugi, wanda ya samo tushe a birnin Birmingham wajen 1970. Idan ana neman danginsa a wajenmu, sai a tuna kiɗan tauri ko na 'yan dambe, irin wanda ake yi don jini ya motsa. Masoyansa mutane ne masu riƙo, ba sa sakin mawaƙinsu har tsufa. Ɗaya daga cikin manyan muryoyin salon shi ne Bruce Dickinson, wanda ya shiga ƙungiyar Iron Maiden a 1981, ya bar ta a 1993, ya komo a 1999. A watan Maris na 2024, yana da shekara 65, ya fitar da kundin waƙoƙi da sunansa shi kaɗai mai suna The Mandrake Project, bayan shekara 19 rabonsa da irin wannan aiki. Mutum ne da aka yi wa maganin ciwon daji a harshe a 2015, don haka kowa ya kasa kunne ya ji abin da ya saura a maƙogwaron. Da yawa sun yaba. Amma an samu masu cewa aikin bai kai The Chemical Wedding ba, kundin da ya fitar a 1998, wanda masoyansa da dama suke ɗauka a matsayin ƙololuwar abin da ya yi a wajen ƙungiyarsa. Abin da ya kamata a sa a ma'auni shi ne cewa a wancan kundi na 1998 akwai Adrian Smith, tsohon abokin aikinsa na Iron Maiden, yana kaɗa jita tare da Roy Z. A na 2024 Roy Z yana nan, Adrian Smith ba ya ciki. Kunnen da ya ce akwai abin da ya ɓace bai yi ƙarya ba, sai dai ba lalle ne a maƙogwaron mawaƙin abin ya ɓace ba.

Labarin Ozzy Osbourne, wani mawaƙin wannan salo, ya fi fito da batun fili. Ƙungiyar Black Sabbath ta sallame shi a 1979, mutane da yawa suka ɗauka tasa ta ƙare. Shekara ɗaya bayan haka ya fito da kundin Blizzard of Ozz da sunansa, ya sake tashi har ya wuce inda yake a da. Ana cewa ya yi nasara shi kaɗai, amma duk wanda ya san tarihin ya san cewa wani matashin makaɗin jita, Randy Rhoads, shi ne ya gina masa sabon sautin da ya hau. Sunan mutum ɗaya ne a bangon faifai, aikin kuwa na jama'a ne.

To mu dawo gida, inda wannan gaskiya ta fi tsufa. A tsarin kiɗan Hausa na gargajiya, jagora bai taɓa zama shi kaɗai ba. Yana da makaɗa, yana da 'yan amshi, yana da sanƙira mai kirari da shela, sau da yawa kuma yana da mataimaki da ake kira daudun kiɗa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana bayan yayansa Kurna a Maradun kafin ya zama jagoran kansa, kuma duk wanda ya saurari waƙoƙinsa na fada ya san cewa rabin daɗinsu a bakin 'yan amshi yake: yadda suke karɓe ɗan waƙa tun bai gama sauka ba, su ƙarasa shi, su miƙa masa, kotso yana tafe a ƙarƙashi. Haka abin yake ga Ibrahim Narambaɗa. Shi kuwa Mamman Shata, wanda ya rasu a watan Yunin 1999 aka binne shi a Daura, nan maƙwabtan masarautar Kazaure, an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Shi ya sa Bakandamiyarsa take da siga fiye da ɗaya, kowane zama da yadda ta fito. Mutum ba ya iya wannan sai yana da masu kalangu da za su riƙe masa kiɗan komai tsawon tafiyar, da 'yan amshi da za su yi ta maimaita gindin waƙa yayin da shi yake laluben abin da zai faɗa gaba. Amshi a nan ba ado ba ne. Shi ne lokacin da jagora yake numfasawa, shi ne kuma lokacin da yake tunani.

Daga ƙarshen shekarun 1990 wannan tsari ya fara sauyawa. Finafinan Kano sun zo da waƙoƙinsu, sutudiyo suka yawaita, fiyano ƙirar Yamaha ta shigo da sautin kalangu da sarewa da ganga duk a cikin akwati ɗaya. Mutum guda a gaban kwamfuta ya zama shi ne makaɗa baki ɗaya. Amshi ya koma abin da ake ɗauka sau ɗaya a liƙa a duk inda ake so, wani lokaci mai amshin ba ta ma haɗu da mawaƙin a ranar ba. Yaron da ya buɗe ido a cikin wannan tsari ya san yadda zai zauna a cikinsa, da shi ya koyi waƙa. Amma ka ɗauko mutumin da ya yi shekara talatin yana waƙa a fili, idonsa a kan makaɗinsa, kunnensa a kan jama'a, ka sa shi a ƙaramin ɗaki da abin ji a kunne, kiɗan da ba ya jira kuma ba ya sauri yana buga masa, dole abin da zai fito ya bambanta. Kalangu na gaske yana bin harshe, yana hawa yana sauka da karin magana, domin makaɗin yana matsa tsarkiya yana saki gwargwadon abin da ya ji an faɗa. Na cikin fiyano abin da aka ɗora shi a kai kawai yake maimaitawa. Mai sauraro a Gwiwa ba sai ya san sunan na'ura ba kafin ya ji cewa kiɗan ya daina amsa wa mawaƙin.

Za a ce da ni ina kare tsofaffi ne kawai, ai murya tana tsufa kamar yadda gwiwa da ido suke tsufa. Haka ne, ba mai musun wannan. Ozzy Osbourne da kansa, a wasansa na ƙarshe a Birmingham ranar 5 ga Yulin 2025, a zaune ya yi waƙa saboda ciwon da ya hana shi tsayuwa, kuma bai cika wata guda ba bayan nan ya rasu. Numfashi yana gajarta, sautin sama yana wuyar kamawa. Sai dai a tambaya: me ya sa tsufan murya bai kashe kasuwar manyan mawaƙanmu na da ba? Hajiya Barmani Choge ta yi ta amada har kusa da rasuwarta a 2013, mata kuma ba su daina cika wurin da take wasa ba. Dalili shi ne tsarin ƙungiya an gina shi ne yadda zai ɗauki nauyin jagora idan ƙarfinsa ya ragu. 'Yan amshi su ja, masu ƙwarya su cike, ita kuma ta jefa kalmar da babu mai iya jefa ta sai ita. Abin da shekaru suke ragewa a ƙarfi suna ƙara shi a sanin inda za a sa magana. A sutudiyo kuwa hanya biyu ce ta rage wa tsohuwar murya: ko a bar ta tsirara kowane rauni ya fito, ko a bi ta da na'urar gyaran murya har ta koma kamar ta kowa. Ta biyun ce ta fi ɓata mini rai, domin ita ce take shafe ainihin abin da ya sa aka so mutumin, wato wannan kaushi ko zaƙi da ake gane shi da shi tun daga nesa.

Wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta Ɗanmaraya Jos. Adamu Wayya, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna har ƙasashen waje da kuntigi ɗaya, babu 'yan amshi, babu ƙungiya. A nan Jigawa ma an yi Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. Idan ƙungiya ce sirrin, ina tasu? Amsar tana cikin waƙoƙin da kansu. Waɗannan mutane tun farko a kan kaɗaici suka gina fasaharsu. Ɗanmaraya yana faɗin magana, kuntigi ya amsa masa, ya bar gurbi ga tsirkiya kamar yadda wani yake bari ga 'yan amshi. Hannunsa da bakinsa ne suke hira. Ya zaɓi jigogin da suka dace da murya ɗaya, irin su halin karen mota da zaman aure da wahalar talaka, abubuwan da ake faɗa kamar ana ba da labari. Saboda haka misalinsa bai rushe maganata ba, ya ma nuna sharaɗin. Wanda zai fito shi kaɗai dole ya sake gina waƙar daga tushe yadda za ta tsaya da ƙafa ɗaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗauko waƙar da aka tsara don mutum goma, a cire tara, a ce fiyano ta maye gurbinsu. A nan kam laifin mawaƙin ne, kuma masoyin da ya ce bai gamsu ba yana da gaskiya.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ƙorafi begen ƙuruciya ne kawai, mutum yana neman shekarunsa na samartaka a cikin kaset, ya rasa, ya huce a kan mawaƙi. Da ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Waƙar da mutum ya ji a bikin aurensa, ko a rediyon Kaduna yana yaro a gindin mahaifinsa, babu sabuwar da za ta yi takara da ita a zuciyarsa, kuma rashin adalci ne a nemi dattijo ya sake zama ɗan shekara talatin. Amma ban yarda a yi amfani da wannan a rufe bakin masu sauraro ba. Manomin da ya shekara arba'in yana jin kalangu ya san kalangu, ko da bai taɓa rataya shi ba. Idan ya ce kiɗan nan ba shi da rai, bayani yake yi a kan abin da ya ji, kuma sau da yawa ya fi mai sutudiyo daidai. Kuskurensa ɗaya ne, da ya tashi faɗa sai ya ce murya, domin ita ce take da suna da fuska.

Daga ƙarshe maganar tana komawa kan kuɗi, kuma a nan ne masoya ba sa son a tsaya. Riƙe ƙungiya nauyi ne: ci da sha, da mota, da sutura, da rabon abin da aka samu. A da sarakuna da attajirai da bukukuwa ne suke ɗaukar wannan nauyi, daga baya cinikin kaset da faifai a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai ta Kano ya ɗan taimaka. Yau waƙar da aka tura a memori a Gwiwa ko Babura, ko aka aika ta WhatsApp, ko sisi ba ya komawa ga wanda ya yi ta. Kuɗin turawa na mai shago ne. Mawaƙin da ya san haka aikinsa zai ƙare, da wuya ya kwashi makaɗa shida da 'yan amshi huɗu ya kai su sutudiyo ya biya kowa, alhali mutum ɗaya da fiyano zai gama masa a yini guda. Shi ya sa da yawa suka karkata ga waƙar siyasa da ta biki, inda ake biya kafin a buɗe baki. Dickinson yana iya ɗaukar makaɗan da yake so ya zaga duniya da su domin masoyansa suna sayen faifai suna yankar tikiti. Namu tsohon mawaƙin, masu cewa ya dawo da kiɗansa na da su ne kuma suke karɓar sabon aikinsa kyauta, kuma idan bikin 'ya'yansu ya zo, mai lasifika da kwamfuta suke kira, domin ya fi makaɗa araha.