Bin Salsalar Gida: Darasi Daga Nassarawo

Salsala ita ce jerin sunayen iyaye da kakanni, tun daga mutum har zuwa inda sani ya tsaya. Saninta na taimakawa wajen rabon gado da sada zumunci. A wannan ɗan rubutu zan bayyana hanyar da na bi na gano kakannina biyar a Nassarawo ta garin Mubi, jihar Adamawa.

Matsala ta farko ita ce suna. A wajenmu ɗa yana ɗaukar sunan mahaifinsa ne, don haka sunan gida na sauyawa daga tsara zuwa tsara. Sannan ana yawan yi wa kaka takwara, har mai lissafi ya haɗe mutum biyu ya mai da su ɗaya. Ga kuma alkunya, wadda ke sa laƙabi ya danne sunan yanka.

Maganin wannan shi ne a ɗaure kowane suna da wani abin da ya faru wanda aka san shekararsa. Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809. Jamusawa sun kama Mubi a 1903, Ingilishi suka karɓe ta a 1914. A 1961 aka yi ƙuri'ar da ta shigar da yankinmu cikin Nijeriya. Tsoho ba zai faɗi shekarar haihuwarsa ba, amma zai ce, "Ina da aure lokacin ƙuri'a," ko "Babanmu na yaro Jamus suka zo." Daga nan nakan ƙiyasta kimanin shekara 30 tsakanin uba da ɗa.

Tsofaffin mata su ne rumbun wannan ilimi, domin su ke riƙe da labarin aure da haihuwa. Na tambaye su da Fulatanci, na rubuta da Hausa, kuma ban karɓi suna ba sai na ji shi daga baki biyu. Mai neman ƙarin haske zai iya zuwa Gidan Arewa da ke Kaduna.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, a hutu mai zuwa kowa ya ɗauki biro da littafi ya zauna gaban kakarsa. Littafin laburare zai jira mu, amma tsoho ba ya jira.