Malamin Gona, Ka Tambaya Kafin Ka Koyar

Sau da yawa mu malaman gona mukan shiga ƙauye da amsarmu a aljihu, tun ba mu ji abin da ke damun manomi ba. Mu yi ta bayani, shi kuwa ya ce, "To, Malam." Muna juya baya ya koma ga abin da ya saba. Damina ta wuce, rumbu bai ƙaru ba.

Ga misali. An daɗe ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya kamar rashin sani ne. Sai wani mai bincike, David Norman, da abokan aikinsa na Samaru, Zariya, suka bi ƙauyuka suna tambayar manoma, suna auna amfanin gona. A 1974 ya buga abin da suka gano: haɗa shuka yakan fi shuka iri ɗaya riba, kuma in wannan ya ƙi, wancan ya yi. Ashe manomi yana da dalilinsa.

To, yaya za mu yi tambaya?

Na fari, mu tambayi abin da muke son sani da gaske. "Ba ka ganin takin zamani ya fi?" ba tambaya ba ce, tarko ne. Gara mu ce, "Baba, wane gefen gonar nan ya fi ba ka hatsi bara? Me ka lura da shi a wurin?"

Na biyu, mu yi hankali da "don me". In muka ce, "Don me ba ka yi noma da wuri ba?" zai ji kamar zargi. Mu ce, "Yaya aka yi da noman fari bana?" Sai mu ji ko ciwo ne, ko rashin kuɗin ƙwadago.

Na uku, in mun tambaya mu yi shiru. Kada mu amsa masa.

Na huɗu, mu san iyaka. Ba a fara da tambayar yawan shanun mutum ko damman da ke rumbunsa, don kada ya ɗauke mu masu karɓar haraji.

A ƙarshe mu ce, "To, me kake ganin za ka gwada bana?" Shawarar da ta fito daga bakinsa ita zai riƙe. Sa'an nan mu ƙara masa da abin da muka sani. Matambayi ba ya ɓata.