Tela, Falo da Kakaki: Turancin Magana a Unguwar Al Nahda

Yau Dubai muka nufa, amma ba wajen dogayen benayen nan da ake ɗaukar hoto ba. Za mu sauka ne a Al Nahda, unguwar da ke bakin iyakar Dubai da Sharja, har ma sunan nata ya ratsa masarautun biyu. Unguwa ce ta ma'aikata: Indiyawa, musamman mutanen Kerala, da 'yan Pakistan, da 'yan Filifin, da Misirawa, da 'yan Afirka, har da namu. Daga nan jirgin ƙasan cikin gari, koren layin da aka buɗe a 2011, yana kai mutum Baniyas da kasuwar zinariya ta Deira, inda fatakenmu na Kano suka daɗe suna saro kaya. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kusan mutum 9 cikin 10 baƙi ne. Larabci ne harshen hukuma, amma a bakin kanti Turanci ke raba gardama, kuma akasari da mai saye da mai sayarwa babu wanda ya tashi da shi a gida.

To, ka shiga ɗan kanti a Al Nahda, ko ka buga waya gidan abinci. Abin da Ba'indiye zai fara ce maka shi ne, "Yes, tell me." Wato, "I, gaya min." Babu sallama, babu ina gajiya. Bahaushen da ya sauka jiya sai ya ji kamar an yi masa gatsali. Alhaji, kada ranka ya ɓaci. Mutumin nan ladabin harshensa ya ɗauko ya sa masa rigar Turanci. A Indiyanci sukan ce boliye, kalma ce ta girmamawa, ma'anarta bismilla, yi magana, ina saurare. Daidai take da ta yaron shago a Kantin Kwari in ya ce, "Ranka ya daɗe, me za a kawo?"

Kalmomi huɗu ne ke yawan harɗe mana harshe: say, tell, speak, da talk. Na sake: say, tell, speak, talk. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne Hausa ta riga ta raba su. Say ita ce "ce". Ya ce zai zo, he said he would come. Hankalinta yana kan maganar da ta fito. Tell kuwa ita ce "gaya wa", ba ta tafiya sai da wanda aka gaya wa: he told me, ya gaya mini. Inda muke tuntuɓe shi ne, a Hausa "ya ce mini" daidai ne, sai mu ɗauke shi ɗungurungum mu ce he said me. Turanci bai yarda ba. Ko dai he told me, ko he said to me. Talk hira ce, ta mutum biyu ko fiye, ka faɗa na faɗa. Speak ta fi nauyi: da ita ake jawabi a taro, da ita ake neman manaja a waya, da ita kuma ake maganar iya harshe.

A nan ne Hajiya takan sha wahala a kantin magani. Mu "jin" harshe muke yi: ina jin Larabci, ba na jin Turanci. Sai ta ce wa 'yar Filifin ɗin da ke tsaron kantin, I don't hear English. Yarinya sai ta ɗauka ciwon kunne ne, ta ƙara ɗaga murya. Abin da za a ce shi ne, I don't speak English. Ni dai har yanzu na Hausar ya fi kwanta mini, domin mai koyon harshe da kunne yake farawa. Amma a Al Nahda speak za ki ce, Hajiya, speak.

Yanzu bari mu koma kan tell, domin ita ta hana ni sakat. A tsohon Turanci, fiye da shekara 1000 da suka wuce, tellan ake cewa, kuma cikin ma'anoninta har da ƙirgawa. Ƙirga, masu sauraro, kamar ƙirgar kuɗi ko tumaki. Ma'anar ba ta mutu ba. Al Nahda cike take da gidajen canji, inda ma'aikata ke yin layi a ƙarshen wata su aika kuɗi gida. Wanda ke zaune bayan gilashi yana ƙirga dirhami, sunansa teller. Ba labari yake ba ka ba, ƙirgawa yake yi. A majalisar dokokin Ingila ma masu ƙirga ƙuri'a haka ake kiransu har gobe. Mu a Najeriya sai muka cire sunan daga kan mutumin muka maƙala wa takarda: ka je banki ka biya kuɗin makaranta ka kawo tela. Jamusawa su ma haka: zählen ƙirgawa, erzählen ba da labari. Kuma in kun lura, Bahaushe yana da irinta. Za ka ji an ce tsoho ya zauna ya lissafo sarakunan Kano tun daga Bagauda. Lissafi ne, kuma labari ne, domin mai ba da labari jera abubuwa yake yi ɗaya bayan ɗaya, kada ya tsallake ko guda.

Ga wata kuma da ke cikin gidanku. Falo. Daga Turanci muka aro ta, parlour, Turanci kuma daga Faransanci, inda parler ke nufin yin magana. A gidajen 'yan zuhudu na Kiristocin Turai, inda aka ɗora wa mazauna yawan yin shiru, akan keɓe ɗaki guda da aka yarda a yi magana a ciki, a gana da baƙo. Ɗakin magana ke nan. Kalmar ta yi tafiyar ɗaruruwan shekaru, ta tsallako teku, yau ga ta a Kano da Maraɗi ana cewa a shigo da baƙi falo. Daga wannan tushe dai parliament ta fito, majalisa, wurin magana.

Shugaban majalisar kuwa Speaker suke ce masa, mai magana, alhali a zauren muhawara ba ya shiga gardama. Dalili yana cikin tarihi. A 1377 aka fara rubuta wannan laƙabi a Ingila, ga wani Thomas Hungerford, kuma aikin shi ne kai wa sarki maganar wakilai. Aiki ne mai haɗari, in sarki bai ji daɗin saƙon ba. Shi ya sa har yau in an zaɓi sabo sai abokansa su riƙo hannunsa su ja shi zuwa kujera, kamar ba ya so. Wanda ya fara fassara mana wannan da "kakaki" ya yi gwaninta, domin kakaki shi ke sanar da fitowar sarki, ana jiyo shi daga nesa. Bazazzagi ma, Tajuddeen Abbas, ya hau kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a 2023. Lasifikar masallacin unguwarku ita ma 'yar gidan ce, loudspeaker.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure, ga shi ban taɓo raɗa da ihu da gulma ba. Guda ɗaya a gurguje: palaver. Daga Fotugis take, palavra, wato kalma. A gaɓar tekun Afirka ta Yamma matuƙan jiragen Ingila suka tsince ta a ƙarni na 18, da ma'anar zaman tattaunawa tsakanin fatake da mutanen gari. Yau a Burokan Legas in ka ji palava, rigima ake nufi.

Sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.