Tsawon wuya: ma'aunin da babu shi a katin awon yara

A ranakun awo a cibiyoyin lafiya na Pantami, Bolari da Tudun Wada cikin birnin Gombe, abin da aka saba dubawa a jikin yaro shi ne nauyi da tsayi da kaurin damtse. Idan damtsen ɗan wata 6 zuwa 59 ya gaza santimita 11.5, an san tamowa ta yi tsanani, kuma an san matakin ɗauka.

Wuya kuwa ba ya cikin lissafi, alhali gajartarsa kan zama alamar farko ta wasu larurori. Daga ciki akwai cutar Turner, wadda ke samun kusan ɗaya cikin 'ya'ya mata 2,500 da ake haifa, tana tsumburar da su, ta hana su balaga a kan kari. Akwai cutar Klippel-Feil, da likitocin Faransa biyu suka bayyana a 1912, inda wasu daga cikin ƙasusuwan wuya bakwai ke haɗewa tun a ciki. Akwai kuma gazawar halittar nan ta maƙogwaro da kumburinta ke kawo maƙoƙo. Jaririn da aka haifa da wannan gazawa, in an gano da wuri, ƙwayar magani mai araha kan ceci ƙwaƙwalwarsa. In an makara, taɓuwar ta zauna ke nan.

Awon ba shi da wuya: daga tudun ƙashin ƙeya zuwa ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya, yaro na kallon gaba. Wahalar tana wajen fassara lambar. Kowane jariri gajeren wuya ne da shi, sai ya tasa yake miƙewa. Saboda haka sai da jadawalin da ke nuna abin da ya dace da kowace shekara za a iya cewa wannan ya gaza. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, bisa yaran Ghana, Brazil, Indiya, Norway, Oman da Amurka, bai ƙunshi wuya ba.

Nijeriya ta taɓa cike irin wannan giɓi. A Imesi-Ile da ke Jihar Osun ta yau ne Dakta David Morley ya tsara katin awon nauyi da ya bazu a ƙasashe masu tasowa. Gombe na da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Jami'ar Jiha, waɗanda za su iya auna dubban yara masu ƙoshin lafiya su fitar da jadawali na gida.

Abin da ake buƙata shi ne kuɗin bincike da horar da ma'aikatan matakin farko, kuma a Abuja ake rattaba hannu kan irin wannan kasafi. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.