Girki Ba Nama, Ba Yawan Sitaci: Ina Ɗanɗano Zai Fito?

Mai son rage tuwo da shinkafa, ko don ciwon suga ko don ƙiba, ba sai ya nemi kayan kanti masu tsada ba. Kusan komai yana kasuwar unguwa.

Awara ce ginshiƙi. Da waken suya ake yin ta, sitacinta kaɗan ne, ga ta da riƙe ciki. Aibinta ɗaya, salam take a baki. Shi ya sa ake yanka ta ƙanana, a soya har bayanta ya yi ja, sannan a zuba cikin miyar alayyafo ta sha romo. Ɗanɗanon da ake nema a nama kuwa, daddawa ce ke kawo shi: a daka ta da albasa da attaruhu, a soya a man gyaɗa tun kafin a tsaida ruwa. Ganye sai a ƙarshe, minti biyar ya ishe shi.

Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuliƙuli ma abinci ne sosai, muddin ba a barbaɗa masa sukari ko garin rogo ba. Wake da dankali kuwa a ci da lissafi, sitacinsu na da yawa.