Shirya Ɗakin Jariri: Ya Dace Da Gida, Ya Dace Da Ƙarfin Maigida

 

A Yamai da Maraɗi da Damagaram, muna ganin matasan ma'aurata suna ware wa jariri ɗaki tun kafin ya zo duniya, suna ƙawata shi da irin abin da suka gani a waya. Ƙawa halal ce. Abin da muke jan hankali a kai shi ne ɗakin ya zama ɓangare na gidan, a kamanninsa da ƙarfin mai shi da tarbiyyarsa.

Na farko, ƙarfi. Gidan da falonsa tabarma da kilishi ne bai kamata ya ci bashi don gadon jariri na ƙasar waje ba. Ga ragon suna a rana ta 7, ga abincin maijego, ga magani. Wace ta yi haihuwar fari kuma takan tafi wankan jego gidan iyayenta har kwana 40, ɗakin yana rufe. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro.

Na biyu, kamanni. A ɗauki launin da ke bangon gidan da labulensa a maimaita shi, ba sai an nemo sabo ba. Jariri sabon haihuwa ba ya gani sosai fiye da tazarar santimita 20 zuwa 30, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta. Adon bango na manya ne, don haka a zaɓi wanda zai daɗe. Muna da namu: faifai, ƙwarya mai zane, aikin fata na Agadas, da irin zanen da ke gidajen unguwar Birni a Damagaram.

Na uku, hotuna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ƙi labule mai hotuna da Nana A'isha (RA) ta rataya, sai ta yanka shi ta yi matasai. An kuma ruwaito tana wasa da 'yar tsana. Daga nan malamai suka sassauta a kayan wasan yara, suka tsananta a abin da ake kafewa don ado. Zanen itatuwa da furanni da taurari babu laifi.

Na huɗu, wanda ya fi duka, lafiya. Likitocin yara suna ba da shawarar jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa, a shimfiɗarsa daban, aƙalla wata 6 na farko. A kwantar da shi rigingine a katifa mai tauri, babu matashi, babu tarin 'yan tsana, domin suna iya toshe masa numfashi. A gama fenti da makonni kafin haihuwa har warinsa ya fita, a nemi wanda babu dalma a cikinsa, domin tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Gidan sauro mai magani ya gabaci kowane labule. A nisanta gadon daga igiyar labule da wayar lantarki da hayaƙin turaren wuta, a kuma bar hanyar iska saboda zafin bazara.

Yaro amana ne. Wanda ya fara da abin da zai kare shi, sannan ya ƙawata gwargwadon hali, ya yi daidai.

Allah Ya raya mana zuriya a kan alheri. Wallahu a'alam.